Yadda ake nemo ikweshan ɗin layin da ya bi ta wani ɗigo ya sari wani layi a digiri 90

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a babbar sakandare. An ba mu layi 2x + 3y = 6 da ɗigo (5, 3), aka ce mu nemo ikweshan ɗin layin da zai bi ta wannan ɗigo ya haɗu da layin farko a kusurwa mai digiri 90. Na haddace cewa m₁ × m₂ = −1. Na ɗauki 2 a matsayin giradiyen, na juya ta ta koma −1/2, na samu x + 2y = 11. Ƙawata ta samu y = (3/2)x − 9/2, amsar da ke bayan littafi kuma 3x − 2y = 9. Wa ya yi daidai a cikinmu? Kuma don Allah, daga ina −1 ɗin nan ya fito?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Ƙawarki ta yi daidai, littafin ma ya yi daidai, domin amsarsu ɗaya ce, riga kawai ta sauya. Ki ninka ko'ina a amsar ƙawarki da 2, za ki samu 2y = 3x − 9; ki tattara x da y a gefe guda, sai ga 3x − 2y = 9 ta fito. Ke ce kika kauce, amma a wuri ɗaya tak, kuma tun a takun farko. Abin da kika yi bayan nan duk aiki ne mai tsafta, sai dai a kan tubalin toka aka ɗora shi.

Bari mu daidaita kalmomi tukuna. Abin da kuke ce wa giradiyen a aji, ni gangara zan kira shi, don ita ce ma'anarsa ta gaskiya: idan kika yi taku ɗaya zuwa dama a kan layi, nawa kika hau, ko nawa kika sauka? Layin da ya sari wani a digiri 90 kuma zan ce masa layin sukwaya, da sunan ƙarfen nan mai siffar L da kafinta da magini ke dafawa a kusurwa su ga ko ta zauna daidai. Da gangan na ƙi ce masa layin tsaye, saboda layin sukwaya ba lallai ne ya miƙe sama ba. In layin farko a karkace yake, shi ma a karkace zai zo.

To, ina kuskuren yake? Lambar da ke manne da x ba ta zama gangara sai y ta zauna ita kaɗai a gefe guda, babu wata lamba a gabanta, wato siffar y = mx + c, inda m ita ce gangarar. A cikin 2x + 3y = 6, ga 3 riƙe da y, kuma ga y ɗin a gefe ɗaya da x. Dole a fara ware ta:

3y = −2x + 6
y = −(2/3)x + 2

Gangarar layin farko −2/3 ce, ba 2 ba. Kada ki yarda da ni don na faɗa, ki taka layin da ƙafarki. In x ta zama 0, y za ta zama 2. In y ta zama 0, x za ta zama 3. Ke nan layin ya bi ta (0, 2) da (3, 0). Daga na farko zuwa na biyu, taku uku ne zuwa dama, taku biyu zuwa ƙasa. Sauka biyu a cikin tafiya uku, shi ne −2/3.

Da kin yi wannan ɗan zanen, da kin kama kanki tun kafin ki duba bayan littafi. Layin farko sauka yake yi. Layin da kika samu, mai gangara −1/2, shi ma sauka yake yi. Layuka biyu da ke gangarawa tare ba za su taɓa yin sukwaya ba. In ɗaya na sauka, dole ɗayan ya zama yana hawa. Hasali ma tsakanin layinki da layin farko kusan digiri 7 ne kacal, ɗaya ya kusa kwanciya a kan ɗaya. Ina so ki riƙe wannan gwajin na ido, domin ba ya cin ko daƙiƙa goma, kuma na ga ya ceci ɗalibai da yawa a ɗakin jarrabawa.

Yanzu mu gama aikin. Gangarar farko −2/3. A kifa ta, lambar ƙasa ta koma sama, a kuma sauya alamarta: 3/2. Ki ninka su ki gani: −2/3 × 3/2 = −1. Sabon layi yana da gangara 3/2 kuma ya bi ta (5, 3), don haka

y − 3 = (3/2)(x − 5)
2y − 6 = 3x − 15
3x − 2y = 9

Gwaji: ki zuba x = 5 da y = 3. 15 − 6 = 9. Ya zauna.

Akwai abin da ya kamata ki lura da shi game da ɗigon da aka ba ki. Na sabon layi ne, ba na tsohon ba. Ki zuba (5, 3) a cikin 2x + 3y, za ki samu 19, ba 6 ba, wato ɗigon ba ya kan layin farko sam. Wasu ɗalibai in suka ga haka sai hankalinsu ya tashi, su ɗauka an yi kuskure wajen buga tambaya. Ba a yi ba. Daga tsohon layi abu ɗaya kawai kike ara, gangararsa. 6 ɗin da ke gefen dama, da 2 ɗin da ya fito a matsayin c, ba ruwanki da su. Layukan sukwaya da za su iya saran 2x + 3y = 6 ba su ƙirguwa, dukkansu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da gangara 3/2; aikin ɗigon shi ne ya nuna miki guda ɗaya a cikinsu.

Sai tambayarki ta biyu, wadda ta fi faranta mini rai: daga ina −1 ya fito?

Ki samo takarda mai gida-gida, irin ta littafin lissafi. Ki zana alwatikan nan da muka taka ɗazu: uku zuwa dama, biyu zuwa ƙasa, sannan layin da ya haɗa farko da ƙarshe. Ki yanke shi da reza ko almakashi, ki danna biro a kan ɗigon farawa, ki juya alwatikan rubu'in zagaye, ta ɓangaren da ya saba wa tafiyar hannun agogo. Ki kalli abin da ya faru da gefunansa. Gefen da ke kwance yana nuna dama, mai tsawon uku, yanzu ya miƙe yana nuna sama. Gefen da ke nuna ƙasa, mai tsawon biyu, yanzu ya kwanta yana nuna dama. Dogon gefen kuwa, wanda shi ne layinmu, shi ma ya juya digiri 90 cif, tunda takardar gaba ɗayanta ce ta juya. Sabuwar tafiyar ita ce biyu zuwa dama, uku zuwa sama. Hawa uku a cikin tafiya biyu: 3/2.

Abu biyu suka faru a juyi ɗaya. Tafiyar kwance da tafiyar tsaye sun yi musayar wuri, shi ya sa ake kifa firakshan ɗin. Sauka kuma ta koma hawa, shi ya sa alama ke sauyawa. In kika ɗauki kowane layi mai tafiya a zuwa dama da b zuwa sama, gangararsa b/a ce. Bayan juyi, a ta koma sama, b ta koma hagu, gangara ta zama a/(−b), wato −a/b. Ki ninka b/a da −a/b: a ta cinye a, b ta cinye b, abin da ya rage −1. Ba wata doka ce da aka saukar daga sama ba. Sawun juyin rubu'in zagaye ne da ya rage a kan lambobi.

In kina son hujja ta biyu wadda ba ta bukatar almakashi, ƙa'idar Faisagoras da kuka yi tun ƙaramar sakandare ta isa. Ki ɗauki layuka biyu da suka fito daga cibiya (0, 0): y = mx da y = nx. Ki tsaya a inda x = 1. A can, layin farko yana kan (1, m), na biyu yana kan (1, n). Cibiya da waɗannan ɗigogi biyu sun ba ki alwatika. Murabba'in gefe na farko 1 + m², na gefe na biyu 1 + n², na gefen da ke fuskantar cibiya kuma (m − n)², tunda ɗigogin biyu ɗaya yana saman ɗaya ne. Kusurwar da ke cibiya ba ta zama digiri 90 sai

(1 + m²) + (1 + n²) = (m − n)²
2 + m² + n² = m² − 2mn + n²
2 = −2mn
mn = −1

Kyan wannan hujjar shi ne tana tafiya gaba tana dawowa baya. In kusurwar sukwaya ce, ninkin −1 ne. In ninkin −1 ne, kusurwar sukwaya ce. Shi ya sa kike iya amfani da dokar wajen gina layi, kuma kike iya amfani da ita wajen binciken ko layuka biyu da aka ba ki sun yi sukwaya. Maginin da ke auna ƙafa uku a gefe ɗaya na fili, ƙafa huɗu a ɗaya gefen, ya ja igiya ya tabbatar tsakaninsu biyar ne kafin a fara haƙa harsashi, wannan ƙa'idar yake aiki da ita, ko da bai taɓa rubuta m da n ba.

Tunda kin gane juyin, bari in ba ki hanyar da ni na fi so, wadda da ita kika bi da ba ki faɗa ramin da kika faɗa ba. In an ba ki layi a siffar ax + by = c, ba sai kin ware y ba. Ki musanya lambobin da ke gaban x da y, ki sauya alamar ɗaya daga cikinsu. 2x + 3y ta koma 3x − 2y. Gefen dama kuma ɗigon ne zai faɗa miki: ki zuba (5, 3) a cikin 3x − 2y, ki samu 9. Shi ke nan, 3x − 2y = 9, a layi biyu, babu firakshan ko ɗaya. Musayar nan da sauyin alama su ne dai juyin alwatikan da kika yi da hannunki. A jarrabawar JAMB, inda zaɓi huɗu ne a gabanki a kwamfuta kuma lokaci na gudu, wannan hanyar ce za ta fi yi miki amfani. A takardar rubutu ta WAEC ko NECO kuwa, shawarata ki bi doguwar hanya, ki rubuta gangarar farko a fili, ki rubuta ta biyu, ki nuna inda kika zuba ɗigon, domin ana ba da maki a kan hanyar da aka bi ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba. Sannan ki yi amfani da gajeruwar a gefen takarda ki tabbatar da amsarki. In hanyoyi biyu suka kai ki gida ɗaya, hankalinki ya kwanta.

Abu ɗaya: alamar ɗaya kawai ake sauyawa. In kika sauya duka biyun, daidai yake da ba ki sauya ko ɗaya ba, kamar kin kifa firakshan kin manta da alama. Ba komai wacce kika sauya. 3x − 2y = 9 da −3x + 2y = −9 layi ɗaya ne.

Akwai wurin da dokar −1 ke yin shiru, kuma masu shirya jarrabawa sun san da shi. A ce an ba ki layi y = 4 da ɗigo (2, −5). Wannan layi a kwance yake shimfiɗe, gangararsa sifiri. In kika ce za ki kifa sifiri, kin shiga raba 1 da 0, abin da ba ya yiwuwa. Kalkuleta ma ƙin amsawa za ta yi. Ba wai babu layin sukwaya ba ne. Yana nan, a miƙe sama kamar turken wuta, kuma layi irin wannan ba shi da gangarar da za a rubuta da lamba, tunda ba ya matsawa dama ko hagu balle a raba hawansa da tafiyarsa. Duk ɗigon da ke kansa x ɗinsa ɗaya ce. Ya bi ta (2, −5), don haka sunansa x = 2. Haka in aka juya: layi x = −1 da ɗigo (6, 2), amsa y = 2. Ki lura hanyar musaya ba ta yin tuntuɓe a nan. y = 4 daidai take da 0x + 1y = 4; ki musanya, ki samu 1x − 0y, wato x kawai; ki zuba ɗigon, x = 2. Wannan na cikin dalilan da suka sa na fi amincewa da ita.

Ramin da ya fi cin ɗalibai bayan naki shi ne alamar ɗebewa a cikin ɗigo. Ga misali: layi y = 4x − 7, ɗigo (−8, 3). A nan y tana zaune ita kaɗai, don haka gangara 4 ce kai tsaye. 4 daidai take da 4/1, in aka kifa aka sauya alama ta zama −1/4. Wurin zuba ɗigon ne ake zamewa. x − x₁ a nan shi ne x − (−8), wato x + 8:

y − 3 = −(1/4)(x + 8)
4y − 12 = −x − 8
x + 4y = 4

Mai gaggawa zai rubuta x − 8, ya ƙare da x + 4y = 20, kuma amsar za ta yi masa kyau a ido. Gwajin zuba ɗigo ne kaɗai zai tona ta: −8 + 12 = 4, ba 20 ba. Ni dai ina tilasta wa ɗalibaina su sa kowace lamba mai alamar ɗebewa a cikin baka kafin su taɓa ta, kuma ba na karɓar amsa sai na ga gwaji biyu a ƙarƙashinta: ɗigon ya zauna a kan sabon layi, ninkin gangarorin biyu kuma ya ba da −1. Amsarki ta x + 2y = 11 ta ci gwajin farko, don 5 + 6 = 11, shi ya sa ba ki ji ƙaiƙayin komai ba. A na biyu ne za ta faɗi: −2/3 × −1/2 = 1/3.

Wata 'yar faɗakarwa kan zane. In kika zana 2x + 3y = 6 da 3x − 2y = 9 a takardar giraf, kika dafa sukwayar da ke cikin gwangwanin kayan lissafinki, kika ga kusurwar ba ta zauna ba, ki fara duba ma'aunin da kika zaɓa kafin ki zargi lissafinki. A tambayoyin giraf an saba cewa a ɗauki santimita 2 a matsayin 1 a layin x, santimita 2 kuma a matsayin 5 a layin y. Irin wannan ma'auni yana matse hoton ta gefe guda, kusurwoyi duk su karkace. Sukwaya ba ta bayyana a ido sai taku ɗaya a layin x ya yi tsawo ɗaya da taku ɗaya a layin y. Haka kuma in kina kallon darussan bidiyo na malaman Amurka a waya, za ki ga suna rubuta y = mx + b. Kada ya rikita ki, b ɗinsu ita ce c ɗinmu.

Me ya sa ma ake damun ku da wannan layi? Saboda shi ne hanya mafi gajarta daga ɗigo zuwa layi. Ki ɗauka 2x + 3y = 6 babban bututun ruwa ne da ya bi gefen titi, (5, 3) kuma gidanku, ana so a ja ƙaramin bututu daga gida zuwa babban da mafi ƙarancin kuɗi. A ina za a haɗa? A inda layin sukwaya ya sari babban bututun. Ki warware ikweshan biyun tare:

2x + 3y = 6
3x − 2y = 9

Ki ninka ta farko da 2, ta biyu da 3: 4x + 6y = 12 da 9x − 6y = 27. Ki haɗa su, y ta fita, 13x = 39, x = 3. Ki mayar, y = 0. Mahaɗar ita ce (3, 0). Daga (3, 0) zuwa (5, 3), biyu ne zuwa dama, uku zuwa sama, alwatikan nan dai da kika juya ɗazu. Tsawonsa √(4 + 9) = √13, kusan 3.61. Ki gwada wasu hanyoyin ki gani. In aka ja bututun kai tsaye zuwa ƙasa daga gidan, zai tarar da babban a (5, −4/3), tsawon 13/3, kusan 4.33. In aka ja shi a kwance zuwa hagu, sai a (−3/2, 3) zai tarar da shi, tsawon 6.5. In kowane taku mita goma ne, ana maganar mita 36 ne a kan mita 43 ko mita 65. Duk wanda ya taɓa sayen bututu da biyan masu haƙa ya san bambancin.

Nan gaba za a ba ku wata fomula ta tazarar ɗigo daga layi, mai alamar √(a² + b²) a ƙasa. Ba baƙuwa ba ce. Ki tuna 19 ɗin da kika samu da kika zuba (5, 3) a layin farko. Ki cire 6, saura 13. Ki raba da √(2² + 3²), wato √13. Amsa √13, daidai da abin da muka samu ta doguwar hanya.

Tambayar tana zuwa da wasu rigunan, kuma ina so ki riƙa gane ta ko ta yi lulluɓi. Wani lokaci ba a ba ki ikweshan ɗin layin farko, sai ɗigogi biyu da ke kansa. Wani lokaci ɗigon da za a bi ta kansa ma sai kin nemo shi da kanki. Misali, a ce ki nemo layin da ya raba tsakanin A(−1, 2) da B(5, 4) gida biyu daidai a kan sukwaya. Ɗigon shi ne tsakiyar AB: rabin (−1 + 5) da rabin (2 + 4), wato (2, 3). Gangarar AB: hawa 2 a cikin tafiya 6, wato sulusi, 1/3. A kifa, a sauya alama: −3. Sai y − 3 = −3(x − 2), wanda ya ba da 3x + y = 9. Wannan layi yana da wata baiwa: duk ɗigon da ke kansa nisansa da A daidai yake da nisansa da B. Ki ɗauki (3, 0), wanda ke kansa. Murabba'in nisansa da A 16 + 4 = 20; da B 4 + 16 = 20. In ana so a haƙa rijiya a inda ƙauyuka biyu ba wanda zai ce an fi kusantar da ita ga ɗan'uwansa, a kan wannan layin za a neme ta.

A da'ira ma haka. Layin da ya shafi da'ira a ɗigo ɗaya bai shiga cikinta ba, kullum sukwaya yake yi da layin da ya taso daga tsakiyar da'irar zuwa wannan ɗigo. A da'irar x² + y² = 25, a ɗigo (3, 4), layin da ya taso daga cibiya gangararsa 4/3, mai shafar kuma −3/4, sai ki samu 3x + 4y = 25. In kin ɗauki darasin ƙarin lissafi, za ki sake haɗuwa da shi a kalkulas, inda za a ce ki nemo layin sukwaya ga lanƙwasasshen layi kamar y = x² a (1, 1). Kalkulas zai ba ki gangarar wurin, 2; daga nan kuma aikin yau ne: −1/2, sai x + 2y = 3.

Wannan matsala ta girmi ikweshan da kansa. Masanin lissafi Uƙlidis, wanda ya koyar a Iskandariya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya warware ta da rula da kamfas kawai, kuma ya raba ta gida biyu: mas'ala ta 11 a kashin farko na littafinsa ta ɗigon da ke kan layi ce, ta 12 kuma ta ɗigon da ke wajen layi, irin taki. Sai a ƙarni na 17 Rene Dekat, a rubutunsa na 1637, da Fiya de Fama (Pierre de Fermat), dukansu biyu 'yan Faransa, kowa ta hanyarsa, suka ɗaura auren zane da aljabara, har ya zama ana iya kiran layi da ikweshan. Ribar da aka samu ita ce gida biyun nan na Uƙlidis suka koma ɗaya: ko ɗigon na kan layi ko yana wajensa, aikinki bai sauya ba.

Ki gwada hanyarsa sau ɗaya a kan tambayarki, a takardar giraf mai ma'auni ɗaya a gefe biyu. Ki kafa allurar kamfas a (5, 3), ki buɗe shi har bakin fensir ya wuce layin 2x + 3y = 6, ki ja baka ta yanki layin a wuri biyu. Daga kowane wurin yanka ki sake jan baka da buɗi ɗaya a ɗaya gefen layin, su haɗu. Ki sa rula ki haɗa mahaɗarsu da (5, 3). In fensirinki na da tsini, layin zai ratsa ta (3, 0), ya ci gaba ya yanki layin y a −4.5, wato −9/2 ɗin da ke ƙarshen amsar ƙawarki.

Ga uku ki yi a daren nan, kowacce ta hanya biyu, doguwa da ta musaya, da gwaji biyu a ƙarƙashinta, in ban da ta uku, inda dokar −1 ke yin shiru. Layi 5x − 2y = 8 ta ɗigo (−5, 4): ya kamata ki samu 2x + 5y = 10. Layin da ya bi ta (0, 1) da (4, 9), ta ɗigo (6, −2): x + 2y = 2. Layi 2y − 7 = 0 ta ɗigo (−3, 8): x = −3. In ɗaya ta ƙi fitowa, ki turo mini aikin gaba ɗayansa yadda kika turo wannan, layi bayan layi, don a nan ne nake iya ganin inda ƙafa ta zame. Ki gaishe mini da ƙawar taki, Allah ya ba ku sa'a.